Kafin ka shigo da na'ura mai kunne cikin gidanka



Sharhinmu na yau a kan wata 'yar na'ura ne da ake ajiyewa a falo ko a kicin, ka yi mata magana ta amsa maka. Ka ce ta kunna fanka, ta kunna. Ka tambaye ta ƙarfe nawa la'asar za ta shiga, ta faɗa maka. Matasanmu masu sha'awar haɗa kayan lantarki, a Kano, daga nan Gama zuwa Birged da Gwagwarwa da Tudun Wada, suna ganinta a bidiyo, kuma tambayar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce: wacce zan saya? Ni a ganina wannan tambayar ita ya kamata ta zo a ƙarshe. Akwai biyu da suka riga ta. Wane harshe na'urar za ta ji? Kuma abin da ta ji, ina take kai shi?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don mu tafi tare. Tsarin kashi biyu ne. Akwai ƙaramar na'urar da ke ɗaki, mai makirufo da lasifika, wadda masu harkar ke kira satalayit. Ita 'yar aike ce kawai, kamar yaron da ke zaune a zaure: ka ba shi saƙo ya shiga da shi cikin gida, ya fito maka da amsa. Sai kuma uwar na'ura, wato kwamfutar da ke yin tunanin. Idan ka yi magana, abu huɗu ne ke faruwa a jere. 'Yar aiken tana jiran ta ji kalmar da aka koya mata a matsayin kira. Da ta ji, sai ta tura muryarka ga uwar na'ura, a mai da maganar rubutu. Sannan a duba rubutun a gane me kake so, a aikata. A ƙarshe a mai da amsar murya, ta fito ta lasifika. Kowanne daga cikin huɗun nan manhaja ce mai zaman kanta, kuma kowacce tana iya iya Hausa ko ta kasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya sayi ta manyan kamfanoni. Amazon ya fito da Echo, mai muryar Alexa, a shekarar 2014, Google ya biyo baya da tasa a 2016. Suna da kyau, suna ji daga nesa, ba sa buƙatar ka san komai. Sai dai uwar na'urarsu ba ta cikin gidanka. Tana can cikin manyan rumbunan kwamfuta na kamfanin, kuma duk saƙon da ka bayar sai ya hau intanet ya je can ya dawo. Ranar da data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, fankar da ke saman kanka ba za ta ji kiranka ba. Alexa tana jin Turanci da Faransanci da Jamusanci da Hindi da Larabci da wasu 'yan harsuna, amma babu Hausa a cikinsu.

Maganar inda muryar ke zuwa kuwa ba tsoro ne na banza ba. A shekarar 2019 kafar labarai ta Bloomberg ta bayyana cewa akwai ma'aikata da ke sauraron wasu daga cikin muryoyin da Alexa ta ɗauka, don a gyara jin na'urar. A 2023 Amazon ya amince zai biya tarar dala miliyan 25 a Amurka saboda ajiye muryoyin ƙananan yara fiye da yadda doka ta yarda. A watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya cire zaɓin da ke bai wa masu wasu na'urorinsa damar hana a tura sautin muryarsu waje. Muna da dokar kare bayanan jama'a a Najeriya tun watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, amma magidancin da ke Gama ba shi da hanyar da zai bi sawun muryar 'yarsa idan ta tsallaka teku.

Hanya ta biyu ita ce uwar na'urar ta zauna a cikin gida. Manhajar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Home Assistant, wadda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Paulus Schoutsen ya fara a 2013, kuma kyauta take, kowa na iya duba cikinta. Masu ita sun ware shekarar 2023 kacokan don aikin murya, da burin kowa ya sarrafa gidansa da harshensa. Michael Hansen, wanda ya ƙirƙiri Rhasspy, shi ya jagoranci aikin. Daga nan aka samu Piper mai mai da rubutu murya, da wata ƙa'idar haɗi mai suna Wyoming wadda ke ba ka damar cire manhaja ɗaya ka sa wata a gurbinta ba tare da ka rushe sauran ba. Ku riƙe wannan batun na cirewa da sakawa, domin ta nan ne Hausa ke da ƙofar shiga.

To ina Hausa ta tsaya? A nan nake so mu ɗan daɗe.

Manhajar da aka fi amfani da ita wajen mai da magana rubutu a cikin gida ita ce Whisper, ta kamfanin OpenAI, wadda ta fito a watan Satumbar 2022. An horar da ita da sauti na awa 680,000, kuma Hausa tana cikin jerin harsunanta kusan ɗari. Amma rabon Hausa a cikin waɗannan awoyin ɗan kaɗan ne ƙwarai, don haka jinta na Hausa bai kama ƙafar na Turanci ba. A watan Mayun 2023 kamfanin Meta ya saki wani aiki mai suna MMS, mai ji da kuma furta harsuna fiye da 1,100, har da Hausa. Sautin da aka koya masa waɗannan harsuna da shi karatun littafin Baibul ne da aka ɗauka cikin harsuna daban-daban, wato karatu ne a natse a wuri mai shiru, wanda ya sha bamban da maganar uwar gida tana tsaye a bakin murhu yara na kuka. Lasisinsa kuma bai yarda a yi kasuwanci da shi ba, kuma duk matashin da ke shirin haɗa wa mutane a biya shi ya kamata ya san da haka tun da wuri. A Oktoban 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da rubutu da murya a waya. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai shi ma ta intanet yake bi.

Na gida ma ba su zauna ba. Aikin NaijaVoices ya tara sauti na kimanin awa 1,800 cikin Hausa da Yarbanci da Igbo daga bakin dubban mutane. A Satumbar 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS, wanda aka gina tare da kamfanin Awarri, kuma Hausa na cikin harsunansa. Masu bincike sun ɗauki irin su Whisper sun ƙara musu horo da sautin Hausa, sun ajiye a dandalin Hugging Face kowa ya ɗauka. Kayan aikin dai suna nan. Abin da ya rage shi ne haɗa su da gida, kuma wannan aiki ne na mai ɗan sani a harkar manhaja, ba a gama shi da latsa maɓalli ɗaya.

Ga wani abu da duk wanda zai haɗa zai ci karo da shi. A Home Assistant kana iya rubuta jimlolinka da kanka, ka ce idan an faɗi kaza a yi kaza. Ka rubuta "buɗe ƙofa" da harufanmu masu lanƙwasa. Mahaifiyarka ta faɗa daidai. Amma manhajar jin ta rubuta "bude kofa" ba lanƙwasa, saboda yawancin Hausar da ke intanet haka ake rubuta ta. Ga kwamfuta waɗannan rubutu biyu ba ɗaya ba ne, sai ta ce ba ta gane ba. Maganinsa shi ne ka rubuta kowace jimla ta fuska biyu. Sannan ka saurari yadda mutanen gidan ke magana da gaske. Wani zai ce kunna fitila, wani ya ce kunna wuta, wata ta ce kunna mini ƙwan ɗakin nan. Wani zai ce kashe fanka, tsohuwa ta ce rage iskar nan ta yi yawa. Jimlolin da ba su wuce talatin ba, waɗanda aka tattaro daga bakin 'yan gida, sun fi amfani a kan na'urar da ta san labarin duniya amma ba ta jin Baba.

Na matsa a kan harshe ne saboda wanda ya fi buƙatar wannan na'ura. Saurayin da ya haɗa ta yana da waya a hannu, yana karanta Turanci, ba ya rasa komai idan babu ita. Wanda take canza wa rayuwa shi ne dattijon da idonsa ya yi rauni, da makaho, da mai shanyewar ɓarin jiki da ba ya iya tashi ya kai hannu bango, da tsohuwar da za a riƙa tuna wa lokacin shan maganin hawan jini. Dubi yadda iyayenmu suka rungumi saƙon murya a WhatsApp, su da ba su taɓa rubuta saƙo da yatsa ba. Idan na'urar Turanci kaɗai take ji, an kashe kuɗi an bar waɗannan a waje.

Yanzu sai mu zo kan ƙarfen. 'Yar aike iri uku ce a gabanka.

Na farko, waɗanda aka gina a kan ɗan guntun ESP32 na kamfanin Espressif na ƙasar Sin. Ɗaya daga cikin masu arha ita ce ATOM Echo, dala 13, ba ta wuce kan ɗan yatsa biyu ba. Ta isa gwaji, amma makirufonta ɗaya ne, lasifikarta kuma ba ta da ƙarfi, sai ka matso kusa. A Disambar 2024 masu Home Assistant suka fito da tasu, Voice Preview Edition, a kan dala 59. Tana da makirufo biyu, da wani guntu na kamfanin XMOS wanda aikinsa tace sauti: ya rage hayaniya, ya kuma cire muryar lasifikar kanta daga abin da makirufo ke ji, ta yadda ko rediyo na tashi daga cikinta za ta ji kiranka. Tana da ramin da za ka jona babbar lasifika. Tana kuma da makunni a gefe wanda ke yanke wa makirufo wuta kai tsaye. Wannan makunnin, a wurina, ya fi duk sauran abin da ke jikinta daraja.

Na biyu, Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila. Ana ɗaukar Zero 2 W mai dala 15, a ɗora mata allon makirufo biyu na ReSpeaker. Tana ba ka 'yancin yin abin da kake so, amma tana aiki ne daga katin memori, kuma katin ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Sau kaɗan hakan zai faru ka wayi gari ta ƙi tashi. ESP32 ba ta da wannan ciwon: wuta ta ɗauke ta mutu, wuta ta dawo ta farka cikin daƙiƙoƙi. A gari irin namu wannan bambancin kaɗai ya isa ya yanke hukunci, kuma ni ESP32 zan zaɓa wa ɗakuna.

Na uku, tsohuwar wayar Android da ke kwance a durowa. Ka sa mata manhajar Home Assistant, ta zama abin magana. Tana da makirufo mai kyau, da lasifika, da batirinta. Illarta ita ce waya da aka bari a caji dare da rana cikin zafin Kano batirinta na iya kumbura, kuma batiri mai kumburi haɗarin gobara ne. A riƙa duba ta, kada a ajiye ta kan katifa ko kusa da labule.

Uwar na'ura fa? A nan ne mutane ke yin tsimin da ke dawo musu. Masu Home Assistant da kansu sun rubuta cewa Whisper a kan Raspberry Pi 4 tana ɗaukar wajen daƙiƙa 8 kafin ta gama da umarni ɗaya, alhali a kan ƙaramar kwamfutar Intel ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ka ce kunna fitila ka tsaya cikin duhu kana ƙirga takwas, kafin sati ya zagayo ka koma amfani da hannunka. Manhajojin da ke jin Hausa sosai kuma sun fi nauyi, don haka ƙaramar kwamfuta mai ɗan ƙarfi ake buƙata, ko da ta hannu ce. Tsohuwar laftof ma tana yi, kuma ta zo da batirinta. Wanda ya san hanyar Beirut Road da kasuwar waya ta Farm Centre da Sabon Gari ya san inda zai fara tambaya.

Sai wuta, wadda ba sai na yi wa mutumin Gama dogon bayani a kanta ba. Mun ga ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon lantarki ta bar Kano da yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Abu uku ne dole su kasance a kunne a lokaci ɗaya: 'yar aike, da rauta mai ba da wayifai, da uwar na'ura. Ɗaya ya mutu, duka sun mutu. Abin daɗin shi ne cinsu kaɗan ne. Kwamfutar da ke cin wat 10, idan ta kwana ta yini a kunne, yunit 7 da ɗan kai take sha a wata. Ko a farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa 'yan Band A a Afrilun 2024, bai wuce naira 1,600 da 'yan kai ba. Ƙaramin faifan sola da batiri ɗaya suna riƙe su. Amma a sayi caja mai kyau. Caja ta jabu tana sa ƙara a cikin sauti, kuma ita ce ke fara ƙonewa idan wuta ta dawo da ƙarfi.

Gidajenmu ma suna da nasu hukuncin. Waɗannan na'urori sun fi ji da kyau a ɗakuna masu shiru. Mu kuwa fanka na juyawa, janaretan maƙwabci na ruri, injin markaɗe na aiki a lungu, adaidaita sahu na wucewa, da damina ruwa na dukan kwano. Kada a ajiye ta ƙarƙashin fanka ko jikin talabijin. A ɗaga ta daga ƙasa, a ɗan janye ta daga kusurwar bango inda sauti ke amsa kuwwa. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kuma Raspberry Pi tana rage gudunta da kanta idan cikinta ya kai wajen digiri 80, saboda haka uwar na'ura tana son inuwa da iska. Da hunturu ƙura tana toshe 'yan ramukan makirufo, a riƙa sharewa da burushi mai laushi. ESP32 kuma wayifai mai zangon 2.4 kaɗai take kamawa, a tabbata rautar gidan tana ba da shi. A babban gida irin na Nassarawa GRA matsalar nisa ce da kaurin bango, sai an ƙara rauta ta biyu. A gidan Gama, inda ɗakuna ke kewaye da tsakar gida ɗaya, rauta ɗaya a tsakiya kan wadatar, amma makirufon da ke ɗakinka yana iya jiyo hirar ɗakin da ke kusa.

Wannan ya dawo da mu kan sirri ta wata fuskar, kuma ina roƙon matasa su saurare ni a nan. Ajiye uwar na'ura a gida ya hana kamfanin waje jin ku, amma bai hana mai riƙe da kalmar sirrin ba. Tsarin yana nuna umarnin da aka bayar a baya, kuma ana iya saita shi ya ajiye sautin kansa. Wanda ya haɗa, ko ɗan gida ne ko mai gyara daga waje, yana iya barin wa kansa ƙofa. Addininmu ya hana leƙen asirin juna a Suratul Hujurat, ya kuma koyar da neman izini kafin shiga ɗakin wani a Suratun Nur. Makirufon da aka sa a ɗakin mace ba da saninta ba ya keta duka biyun, ko mijinta ne ya sa. A gidan haya da gidan gandu, tsakar gida ta kowa ce, sai kowa ya sani ya yarda. A nuna wa kowa makunnin da ke kashe makirufo, har yara. Uwar ɗaka kuwa, in ba don mara lafiya ko tsoho da ya nema da bakinsa ba, a bar ta babu na'ura.

Kalmar kira ma a yi mata tunani. Waɗanda suka zo a shirye na Turanci ne, irin su Okay Nabu da Hey Jarvis. Ana iya horar da sabuwa, amma kayan horarwar an gina su ne a kan lafazin Turanci. Idan za ka gwada ta Hausa, kada ka zaɓi sallama ko sunan wani yaro a gidan, don na'urar za ta yini tana farkawa tana ɗaukar maganar da ba da ita ake ba. Ga tsoho, maɓallin da zai danna kafin ya yi magana ya fi sauƙi, ya kuma fi aminci.

Kuɗi kuma a faɗe shi yadda yake. Dala 59 da aka sa wa Voice Preview Edition a 2024, idan dala tana naira 1,500, naira 88,500 ke nan kafin kuɗin dako da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. 'Yar aike ɗaya ta fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, ba a zo kan uwar na'ura da makunnan zamani irin su Sonoff da za a sa wa fitilu ba. Injin jan ruwa na burtsatse ma ba a jona shi kai tsaye da irin waɗannan ƙananan makunnai, sai an kira ƙwararren mai wayarin ya sa abin da zai ɗauki nauyinsa. Saboda haka ba kowane gida ne ke buƙatarta yau ba, kuma babu abin kunya a ce a jira.

Akwai aikin da ba ya cin ko kwabo sai 'yar data. Gidauniyar Mozilla tana da shirin Common Voice tun 2017, inda kowa ke karanta gajerun jimloli a ɗauki muryarsa, a bai wa duk mai gina manhaja kyauta, kuma akwai sashen Hausa. Muryoyin da aka fi buƙata su ne na mata da na dattawa, da karin harshen Sakkwato da Katsina da Damagaram da Maraɗi, domin na'ura ba ta jin irin muryar da ba a taɓa jiyar da ita ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya wadda ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006, tana kuma da masu karatun kwamfuta. Akwai Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, akwai cibiyar CITAD a nan cikin gari. Ɗalibin da ya zauna ya tsara jimlolin sarrafa gida da Hausa, ya haɗa su da manhajar ji mai kyau ta hanyar Wyoming, ya sake su kyauta, ya yi aikin kammala digiri da gidaje za su mora daga Kano har Kumasi.

Ga wanda ya ƙudurta zai haɗa, ga yadda nake ba da shawara ya bi. Kada ya sayi komai tukuna. Ya ɗora Home Assistant a tsohuwar laftof, ya sa manhajarta a waya, ya rubuta jimlolin gidansu ta fuska biyun nan. Sannan ya miƙa wayar ga wanda aka yi abin dominsa, da rana tsaka, fanka na juyawa, yara na wasa a tsakar gida, ya ce Hajiya, gaya mata ta kunna fitila. Ya ƙirga sau nawa ta ji cikin goma. Idan ta ji takwas ko tara, ya je ya sayi 'yar aike guda ɗaya mai makirufo biyu da makunnin kashewa, ya ajiye a falo. Idan ba ta kai haka ba, gyaran yana cikin manhaja da jimloli, kuɗin kuma ya zauna a aljihu har sai an gyara.